Ranar da Wuta Ta Ɗauke a Jirgin Yaya

Ina tsakar gida ina shanya wanki Mai Taru, aminin Yayana, ya yi sallama. Tun daga muryarsa na san ba lafiya ba, don mutum ne da sai ya tsokane ni kafin ya gaishe ni. Ranar ko ido bai haɗa da ni ba. Wandonsa a jiƙe har cinya, hularsa a hannu.

"Ƙanwata, sai haƙuri," ya ce. "An ga jirgin. An kuma ga Yayanki."

Zanen da ke hannuna ya faɗi. Na sunkuya na ɗauka, na karkaɗe, na shanya, kamar ba a gaya mini komai ba.

Ni ban yi karatu mai nisa ba. Abin da na gani zan faɗa, da abin da Sufeto ya gaya mini da bakinsa daga baya. Inda na manta, na manta.

Yaya shi ya riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu. Mai fito ne, tun yana saurayi yake ƙetarar da mutane da kayansu a kwale-kwale daga wannan gaɓa zuwa waccan. Filafili ya cinye masa kafaɗar dama, har ya zama ko riga sai matarsa ta taya shi sawa. Shi ya sa ya sayi ƙaramin jirgi mai inji, irin wanda ake tayarwa da mukulli kamar mota, ba jan igiya.

Ba zan manta ranar da aka sauke shi a bakin ruwa ba. Fari tas, da shuɗin layi a gefe, jikinsa santsi kamar sabon kwano. Ba katako ba ne, ba ƙarfe ba. Ga ɗan gilashi a gaba mai tare feshin ruwa, ga sitiyari ɗan mitsitsi, ga benci biyu masu laushi. Yaya ya dinga zagaya shi yana shafawa, kamar wanda aka haifa wa jika.

"Shigo, ke," ya ce mini. "Yau za ki ga yadda ake tafiya ba gumi."

Ni da nake tsoron ruwa tun ina yarinya, na shiga na rirriƙe benci. Ya murɗa mukulli, injin ya amsa da ɗan gurnani. Jirgin ya ɗaga hanci ya tsaga ruwa, iska tana neman ɗankwalina. Kafin in gama addu'ar da na faro, ga mu a tsakiya. Bai yi tangaɗi irin na kwale-kwale ba, ko ɗigon ruwa bai taɓa ni ba. Na duba Yaya na ga yana dariya, hannu ɗaya a kan sitiyari, kafaɗar nan mai ciwo tana hutawa a jikin kujera.

Da muka dawo Mai Taru yana gaɓa yana jiranmu. Shi masunci ne, aminin Yaya tun suna yara.

"Mai Fito, ka zama direba ke nan," ya ce. "Sai ka nemi lasin, kada a kama ka a tsakiyar ruwa."

"In an kama ni kai za ka zo beli," in ji Yaya.

Wanda ya haɗa wutar jirgin ɗana ne. Aikin wutar motoci yake yi, kowa Rewaya yake ce masa, har matarsa. Shi ya ja wayoyin fitilu, ya sa ɗan famfon da ke kwashe ruwa in ya shigo ciki, ya ƙera wa batir akwati a ƙarƙashin kujerar direba. Bai yarda kowa ya sa masa hannu ba. Ya ce jirgin Kawu ne.

Ranar da abin ya faru, Yaya ya kai fasinja waccan gaɓar da la'asar, ya juyo shi kaɗai. Hadari ya haɗo. Mutanen can sun ga jirgin ya tsaya cik a tsakiya, sun ga Yaya ya sunkuya ta baya yana cire ciyawar da ta naɗe farfelar injin. Daga nan jirgin bai sake motsawa ba, fitila ma ba ta kama ba, ruwa ya sauko ya rufe musu gani. Mu a gida muka zaci ya kwana can, kamar yadda ya saba in hadari ya tare shi. Da safe masunta suka tarar da jirgin cikin kainuwa, rabinsa ruwa. Gawar Yaya kuma can gaba.

Tun kafin a ɗauke gawar, Sufeton 'yan sanda ya iso. Gajere ne, da tabarau mai karyayyen hannu da yake yawan turawa da yatsa. Ba ya ɗaga murya. Ya sa aka jawo jirgin tudu a gaban kowa, ya ɗaure shi da sarƙa, ya ajiye Kofur ya tsare.

"Yallaɓai, da an bar ni na kai shi wajena na busar," in ji Mai Taru. "Ruwa zai lalata wa marayu kaya."

"Rana za ta busar da shi a nan," Sufeto ya ce.

A wurin zaman gaisuwa magana ta fara tashi. Ni ina ciki, amma katanga ba ta tare magana. Na ji muryar Mai Taru yana cewa, "Ni dai na faɗa tun farko, wutar mota daban, ta jirgi daban. Sabon inji ba ya mutuwa haka kawai sai in an yi ganganci." 'Yan uwan matar Yaya suka ɗauki maganar suka kai ofishin 'yan sanda. Aka zo har gareji aka tafi da ɗana, hannunsa duk baƙin mai.

Na rasa Yaya, ga shi ana neman in rasa ɗa. Kuma in aka ɗaure shi, har abada sunansa wanda ya kashe kawunsa.

Na je ofishin na zauna a benci tun safe. Da Sufeto ya fito na tare shi.

"Ranka ya daɗe, ni ce uwar Rewaya. Ni ce kuma ƙanwar mamacin."

Ya tsaya ya dube ni. "To, Mama, ke ce da hasara ta gaba da ta baya. Ba ni na ce ɗanki ya yi ba, ban kuma ce bai yi ba. Jirgin zan je in tambaya. In za ki iya kallo, mu je."

A bakin ruwa ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga. Mutane suka taru. Bai fara da komai ba sai da ya zauna a kujerar Yaya, ya riƙe sitiyari, ya duba gaba da baya.

"Wanda ya ƙera wannan ya san ruwa," ya ce wa Kofur. "Dubi yadda duk abin da direba zai taɓa yake kusa da hannunsa."

Ya murɗa mukulli. Shiru. Ya danna makunnin fitila. Shiru. Ya danna na famfo. Shi ma shiru.

"Abu uku ba sa mutuwa lokaci ɗaya sai in uwarsu ɗaya ce," ya ce.

Ya ciro wani ƙwan fitila mai wayoyi biyu daga aljihu. Ya ce wuta kamar ɓarawo take, tana da hanyar da take bi, sai ka bi sawunta har inda ya ɓace. Ya zare fiyus ya ɗaga a rana, lafiyarsa ƙalau. Ya kama jar waya yana binta da yatsu, yana ɗosana ƙwan a kowace mahaɗa. Na ga yana gyaɗa kai.

"Aiki mai tsabta," ya ce, ba da kowa yake ba. "Kowace mahaɗa an rufe ta, kowace waya an ɗage ta daga inda ruwa zai kai."

Wayar ta kai shi ƙarƙashin kujera. Ya ɗaga murfin akwati. Ruwa bai shiga ba, don ɗana ya ɗora shi sama. Amma zoben ƙarfen nan da ke kama kan batir yana kwance a gefe, ya rabu da inda ya kamata ya zauna.

Jama'a suka ɗauki guna-guni. Mai Taru ya leƙa ta kafaɗar Kofur.

"Kun gani ko? Bai ɗaure ba."

Sufeto ya tsuguna. Ya ɗauki zoben ya ɗora a kan batir, ya zauna sakwa-sakwa kamar yaro ya sa zoben ubansa. Ya kawo shi kusa da tabaransa ya daɗe yana kallo. Sannan ya kira ni da hannu, ya yi ƙasa da murya.

"Mama, ɗanki yana da sifana?"

"Ko barci yake tana aljihunsa."

"Notin nan a ɗaure yake tam, giris ɗinsa ko gogewa bai yi ba. Amma bakin zoben a buɗe yake, ga shatin wuƙa. Wani ya ɓanɓare shi ne. Mai sifana ba ya wahalar da kansa da wuƙa."

Ya kankare wani abu kore da ya narke ya manne a jikin ƙarfen, ya tsinci wani guntun baƙar roba a gindin akwatin, ya naɗe su a hankici. Ya sa Kofur ya ɗauki batirin zuwa ofis.

Da rana aka fito da ɗana daga sel. Sufeto ya bar ni na zauna a lungu, da sharaɗin ba zan sa baki ba.

"Yaushe rabonka da jirgin?"

"Tun ranar da na gama haɗa wutar, Yallaɓai."

"Maigadin bakin ruwa ya ce ya gan ka a cikinsa da yamma, ana gobe abin zai faru."

Ɗana ya sunkuyar da kai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Na je," ya ce. "Tsoro ne ya sa na ɓoye. Kawu ya ce fitilar gaba tana kallon sama, na je na daidaita masa."

"Ka buɗe akwatin batir?"

"Na buɗe. Ba na barin mota ko jirgi ban duba ba."

"Wannan ka gani a ciki?" Sufeto ya yaye buhun da ya rufe batirin da shi.

Ɗana ya matso, ya duba, ya sake dubawa.

"Wannan ba shi ba ne. An goge shi ne kawai ya yi ƙyalli. Dubi kawunansa, duk sun cinye sun sirance. Na Kawu sabo ne dal. Kuma na Kawu kunnensa ɗaya a yanke yake, don ya fi akwatin faɗi kaɗan, sai na sa zarto na rage masa. Wannan kunnuwansa biyu suna nan."

Sufeto ya buɗe hankici ya ajiye guntun robar a tebur.

"Shi ne," in ji ɗana. "Ga shatin zartona."

"Ƙaryar da ka yi ta kusa cinye ka," Sufeto ya ce. "Gaskiyar kuma ta gaya mini an canja batir tsakanin yamma da safiya. Koma ciki tukuna. In na sake ka yanzu, wanda nake nema zai jefa shaidata a ruwa."

Aka kira Maigadi. Tsoho ne mai kunne ɗaya da ba ya ji sosai, kuma yana zaɓar lokacin da zai juyo maka da shi.

"Baba, wa ya shiga jirgin Mai Fito bayan Rewaya ya tafi?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Ko ƙuda bai gifta ba. Idona biyu har gari ya waye."

"Mai shayi ya ce a bencinsa ka kwana, har ya lulluɓe ka da buhu."

"Wannan mai shayin bakinsa ya fi tukunyarsa zafi." Maigadi ya sosa ƙeya. "To, na ɗan kishingiɗa. Amma baƙo bai zo ba. In baƙo ne karnuka za su faɗa."

"Ɗan gida fa?"

"Ai ɗan gida ba a ƙirga shi. Yallaɓai, mu a bakin ruwa ba a sata, sai aro. Igiyarka ta tsinke, ka ɗauki ta maƙwabci. Manka ya ƙare, ka zuƙi nasa. Ba sai ka tashe shi daga barci ba. Ka dai mayar kafin ya zo nema. Haka muka taso muka tarar."

"In bai mayar ba fa?"

Maigadi ya juyo da kunnen da ba ya ji.

Washegari Sufeto ya zo gidana da kansa. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya sake buɗe hankicin nan. Ban da koren abin da ya narke, akwai wani ɗan guntun zare kore, da ƙullinsa lafiya lau.

"A ƙasan ɗaya zoben na same shi, na baƙar waya," ya ce. "Wanda ya yi musanyar ya ga zobba sun yi wa tsohon batir yawa, sai ya ɗaure su da zare. In zobe bai kama da kyau ba, duk lokacin da aka tayar da inji sai ya yi zafi. Zaren roba ne. Yini guda Yayanki yana tayarwa yana kashewa, na jar wayar ya narke. Da ya kashe inji don ya cire ciyawa, igiyar ruwa ta girgiza jirgin, zoben ya zame. Ba inji, ba famfo, ba fitila. Ga kafaɗa ba ta tuƙi."

Yaya yana zaune a kan kujerar, abin da zai cece shi yana ƙarƙashinsa, tazarar bai kai taƙi ba. Shi bai san wuta ba. Ruwa ya sani.

"Kin san wannan ƙullin?"

"Na ɗinkin taru ne. Yaya ba ya irinsa, nasa na ɗaure jirgi ne. Amma masunta ai sun fi a ƙirga."

"Masu kamu da fitila fa? Su ne masu bukatar batir."

"Ba su da yawa."

"A cikinsu wa ya fi damuwa da a ba shi jirgin ya busar? Jiya ma ya sake zuwa wajen Kofur, har da kifi."

Na gane wanda yake nufi, na ce a'a. Na ce mutumin nan shi ya shiga ruwa ya ɗauko Yaya a kafaɗarsa. Shi ya zo ya gaya mini. 'Ya'yansa a cinyata suka girma.

"Allah ya sa ke ce da gaskiya, Mama," ya ce. Ya miƙe ya sa takalmi.

Da hantsi ya tara mu a bakin ruwa. Aka zo da ɗana da ankwa a hannu. Matar Yaya tana gefe da 'yan uwanta, ba ta ko dube ni ba. Masunta suna zaune a inuwa suna gyaran taru. Sufeto ya je ya tsuguna kusa da Mai Taru kamar mai neman hira, ya cire tabarau, hannun ya rabu ya faɗi.

"Kash. Wannan abin ya ishe ni. Malam, taimaka mini da dabara, ba na gani in ba shi."

"Kawo, Yallaɓai. Gwamnati ba ta saya muku sabo ne?"

Aka yi dariya. Mai Taru ya zaro zare daga aljihu, bai ma duba ba. Yatsunsa suka zagaya, suka ƙulla, ya ciza ya tsinke. Abin da hannu ya saba ba ya jiran shawarar kai.

Sufeto ya karɓa, bai sa a ido ba. Ya shimfiɗa hankici a gwiwarsa ya ajiye tabarau kusa da guntun zaren. Kore da kore. Ƙulli da ƙulli. Bakin kowanne a tattaune, ba yankan wuƙa ba.

"Duk masunci haka yake ƙulli," in ji Mai Taru. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Haka ne. Wane batir kake kunna fitilarka da shi?"

"Nawa. Tsohona."

"Mu gani."

"Yana wurin caji."

"Mai caji ya ce rabonsa da kai tun kafin rasuwar. Ya ce da kullum kana hanya, yanzu ka daina zuwa. Kofur, duba mini jirginsa."

Kofur ya ɗaga tarin taru da ke bayan kwale-kwalen. Batir yana ƙasa, an naɗe shi da leda.

"Saya na yi," Mai Taru ya ce. "A kasuwa."

Sufeto ya ɗauki guntun baƙar robar ya kara a kunnen batirin. Ya zauna daram, ko gashi ba zai shiga tsakani ba.

Sufeto ya sa aka cire wa ɗana ankwa, ya miƙa masa sifana.

"Mayar da shi inda ka sa shi."

Ɗana ya ɗauki batirin ya shiga jirgin kawunsa. Ya matse zobban, ya ɗaure, ya ja su da ƙarfi ba su motsa ba. Aka tura jirgin ruwa. Ya murɗa mukulli sau ɗaya, injin ya amsa da gurnanin nan da na ji ranar farko. Fitilu suka kama. Ɗan famfon ya fara tofar da sauran ruwan da ya kwanta a ciki, yana zuba ta gefe kamar bakin buta.

Wannan ruwan da ke zuba shi ya karya Mai Taru. Ya zauna a ƙasa daɓas.

"Aro na yi," ya ce. "Wallahi aro na yi. Nawa ya daina riƙe wuta, kifi ba ya zuwa sai da haske. Na ce in ɗauka in mayar kafin ya fito. Kamun ya yi kyau, rabona da irinsa an daɗe. Sai na ce bari in ƙara kwana ɗaya. Na sa masa nawa, na ɗaure, na gwada da hannuna, ya tashi. Ya tashi, Yallaɓai."

"Me ya hana ka gaya masa da safe?"

"Zai yi mini dariya. Zai ce mai taru guda ba shi da batir."

"Aron na ji shi," in ji Sufeto. "Wanda ban ji ba shi ne yadda ka zauna a gidan mamaci ka ɗora wa ɗan ƙanwarsa. Kana kallo aka sa masa ankwa."

Mai Taru ya juyo wajena. "Ƙanwata."

"Wanda ya haɗa ni da kai ya tafi," na ce masa. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Kofur ya sa masa ankwar da aka cire wa ɗana. Suka hau tudu da shi zuwa mota, yana tafe yana tuntuɓe, masunta suka buɗe musu hanya ba wanda ya ɗaga kai. Matar Yaya ta zo ta durƙusa ta riƙe ƙafar ɗana tana kuka, shi kuma yana cewa ta tashi don Allah, ita uwa ce.

Kafin Sufeto ya tafi na je na yi masa godiya. Ya ce ba komai, aikinsa ne. Ya sake duban jirgin yana lilo a bakin gaɓa.

"Kada ku bari ya ruɓe a tudu, Mama. Jirgin bai yi laifi ba, wanda ya haɗa shi ma bai yi ba."

Na sha ganin masu kaki. Ban taɓa ganin wanda ya cire takalmi ya durƙusa yana bin waya da yatsa saboda ɗan wata talaka ba, sai shi.

Yanzu ɗana ke tuƙa jirgin, abin da aka samu na gidan Yaya ne. Maigadi ya ce tun daga ranar ko igiya mutum zai ara sai ya tashi mai ita daga barci. Har yau jirgin yana da kyau. In ya ɗaga hanci ya tsaga ruwa, fasinja sukan yi shiru suna kallo.

Ni ban sake shiga ba. Amma kullum da safe, kafin a ɗauki fasinjan farko, ina sauka bakin ruwa. Ɗana yakan ɗaga kujera ya buɗe akwatin ya ja gefe. In miƙa hannu daga gaɓa in kama jan zoben in murɗa, in kama baƙin in murɗa. Na san aikinsa ba ya bukatar a duba, shi ma ya sani. Bai taɓa ce mini komai ba. Sai na ce masa "Je ka," sannan yake sa mukulli.